Ƙofa da Baƙo a Koyarwar Zhu Xi da Wang Yangming: Tambayoyi da Amsoshi kan Shige da Fice da Tsaron Ƙasa

Duk sanda zancen takura wa baƙi ya taso a Sin ko Japan ko Koriya ta Kudu, ba a rasa mai cewa ai tarbiyyar Konfushiyus ce, ba sa son bare. Ba a kuma rasa mai cewa sam, koyarwar ta ɗauki duniya gida ɗaya ne. Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗaliban falsafa da na siyasa, da masu hulɗa da waɗancan ƙasashe, suka fi maimaitawa. An sa musu lambobi don a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Wace koyarwa ake nufi, kuma su wa suka gina ta?

Konfushiyus ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin Miladiyya. Abin da muke magana a kai ya zo ne fiye da shekara 1,500 bayansa, a zamanin daular Song (960 zuwa 1279), lokacin da wasu malamai suka sake gina koyarwarsa don ta iya amsa tambayoyin da addinin Buddha da na Dao suka jefo. Su da kansu suna kiran ta Daoxue, wato ilimin Tafarki, ko Lixue, ilimin ƙa'ida. Jagororin farko su ne Zhou Dunyi, Zhang Zai, da wa da ƙane Cheng Hao da Cheng Yi. Wanda ya tattara komai ya tsara shi kuwa Zhu Xi ne (1130 zuwa 1200), ana furta sunansa kusan "Ju Shi". Daga baya Wang Yangming (1472 zuwa 1529) ya zo da nasa reshen, inda ya ce gaskiya tana cikin zuciya tun asali, aikata ta ne kawai ya rage.

Wannan ba koyarwar zaure ba ce kaɗai. Zhu Xi ya zaɓi littattafai huɗu ya yi musu sharhi, kuma daga 1313 sharhin nasa ya zama tushen jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati a Sin har aka soke jarrabawar a 1905. Kusan shekara 600 ke nan duk mai son zama alƙali ko gwamna sai ya haddace shi. Daular Joseon ta Koriya, wadda aka kafa a 1392, ta ɗauke shi a matsayin aƙidar mulki.

2. Shin malaman nan sun taɓa yin magana kan biza da shige da fice?

A'a. Babu fasfo irin na yau a zamaninsu, babu ƙasa mai iyaka a taswira da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma sun san mashigar kan iyaka da masu gadinta, sun san 'yan gudun hijirar yaƙi da na yunwa, sun san fatake baƙi masu unguwanninsu a biranen gaɓar teku. Aikin gwamnati na farko da Zhu Xi ya riƙe a gundumar Tong'an ne, ƙarƙashin Quanzhou, tashar jiragen ruwa da Larabawa da Farisawa suka cika, inda aka gina masallaci tun 1009. Saboda haka abin da ake yi a nan ƙiyasi ne: a ɗauko ƙa'idojinsu da hukunce-hukuncensu a kan abin da suka gani, a auna matsalar yau da su.

3. Me ake nufi da cewa mutum da duniya "jiki ɗaya" ne?

Wannan ce ƙashin bayan koyarwar. Zhang Zai ya rubuta wani ɗan gajeren rubutu a bangon yamma na ɗakin karatunsa, inda ya ɗauki sama uba, ƙasa uwa, dukan mutane kuma 'yan ɗaki ɗaya da shi. Ya ambaci gajiyayyu da naƙasassu da marayu da waɗanda ba su da miji ko mata, ya ce 'yan'uwansa ne da suka shiga wahala ba su da wanda za su kai wa kuka. Bai ce mutanen Song kaɗai ba.

Cheng Hao ya kawo misalin da ya fi shiga rai. Kalmar da suke amfani da ita ga jinƙai da cikar mutuntaka ita ce ren. To, likitocin Sin na wancan lokaci idan hannu ko ƙafa ta sage, ta daina jin taɓi, sai su ce gaɓar "ba ta da ren". Cheng Hao ya ce babu bayanin da ya fi wannan dacewa. Wanda ya ga wahalar wani bai ji komai ba, ba ƙarfin hali gare shi ba, wani sashe na jikinsa ne ya shanye. Wang Yangming ya maimaita wannan da misalin Mengzi, tsohon malamin da ya biyo bayan Konfushiyus, na yaron da ke shirin faɗawa rijiya: duk wanda ya gani sai gabansa ya faɗi, kafin ya tambayi ɗan wane ne.

4. Idan haka ne, ba sai a buɗe iyaka kowa ya shigo ba?

Irin wannan tambayar ce wani almajiri mai suna Yang Shi ya yi wa malaminsa Cheng Yi. Ya karanta rubutun Zhang Zai, ya ji tsoron cewa ya yi kama da koyarwar Mozi, wanda ya ce a so kowa daidai wa daida ba tare da bambanta uba da baƙo ba. Cheng Yi ya amsa da jimlar da ta zama ginshiƙi: ƙa'ida ɗaya ce, amma rabonta ya bambanta. Jinƙan da kake yi wa mahaifinka da wanda kake yi wa matafiyi tushensu ɗaya, sai dai nauyin da ke kanka game da kowannensu ba ɗaya ba ne. Mengzi ya riga ya jera matakan: ƙauna ta kusa ga dangi, jinƙai ga jama'a, tattali ga sauran halittu.

Wang Yangming bai yi kwana-kwana ba. Ya ce hannu da ƙafa da kai duk jiki ɗaya ne, amma idan duka ya zo, hannu ake ɗagawa a kare kai. Ya ƙara da cewa idan ɗan'uwanka na jini da wani mai wucewa duk yunwa za ta kashe su, abincin kuma ba zai ceci biyu ba, ɗan'uwanka za ka ba. Bahaushe ya san wannan magana: gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Don haka mai mulki yana da nauyi na musamman a kan talakawansa, kuma koyarwar ba ta haramta masa tsayar da ƙofa da mai gadi ba. Sharuɗɗan da ke tattare da wannan izini suna cikin amsa ta 5.

5. To ke nan gwamnati na iya cewa "namu tukuna" ta rufe ƙofa?

A nan ne mutane da yawa ke yanke maganar Wang Yangming rabi. A sake duba misalin nasa. Abinci ƙwarya ɗaya ne tak. Wanda bai samu ba mutuwa zai yi. Ba yadda za a yi a ceci duka biyun. Kuma ya fara da cewa dukansu abin ƙauna ne, zuciya daurewa kawai take yi ta bar ɗaya. Idan aka cire waɗannan sharuɗɗa, misalin ya rushe. Ƙasar da rumbunanta ke cike, gonakinta na neman hannu, ba ta cikin halin mai ƙwarya ɗaya. Ba ta da hurumin aron hujjar mai yunwa.

Akwai kuma tambayar da waɗannan malamai ba sa gajiya da yi: wannan shawara daga maslahar jama'a ta fito, wadda suke kira gong, ko daga son zuciya, wanda suke kira si? A wurinsu son zuciya ba na mutum ɗaya ba ne kaɗai. Gida na iya yin sa, gari na iya yin sa, ƙasa ma na iya yin sa, kuma ya fi haɗari idan ya sa rigar kishin jama'a. Ɗan siyasar da ya ɗora wa baƙi laifin rashin aikin yi don a manta da gazawarsa, si yake yi ko da ya ambaci tsaro sau dubu.

Sannan ƙarancin kansa ba ƙaddara ba ce da mai mulki zai naɗe hannu a gabanta. Da yunwa ta afka wa yankin Chong'an a 1168, Zhu Xi ya ranto shinkafa daga hukuma ya raba, a 1171 kuma ya gina rumbun al'umma da ke ba manoma rance lokacin bazara su biya da kaka. A 1181 fada ta ba da umarnin a yaɗa tsarin a faɗin daula. Wanda ya ce babu abin da zai ba baƙo, tambayar farko gare shi ita ce me ya yi don rumbun ya cika.

6. Wane matsayi tsaro ke da shi a wannan koyarwa?

Babba ne, amma ba shi ne na farko ba. Da wani almajiri ya tambayi Konfushiyus game da mulki, ya lissafa abu uku: isasshen abinci, isassun makamai, da amincewar jama'a. Aka ce in dole a bar ɗaya fa? Ya ce makamai. In dole a bar na biyu? Ya ce abinci, domin ƙasa ba ta tsayuwa in jama'a ba su yarda da masu mulki ba. Mengzi kuma ya ce ba layin iyaka ke riƙe mutane ba, ba duwatsu da kwazazzabai ke tsare ƙasa ba. Ya yaba wa Sarki Wen, wani sarkin zamanin dā, saboda a mashigansa ana bincike amma ba a karɓar haraji, ya kuma yi kukan cewa a da ana kafa mashiga don tare zalunci, a zamaninsa kuwa don a yi zalunci ake kafa ta. Bincike halal ne a wurinsa. Mai da shinge wurin tatsar matafiya shi ne abin da ya tsana.

Kada kuma a ɗauka Zhu Xi mai sanyin hali ne game da abokan gaba. An haife shi shekara uku bayan Jurchen, ƙabilar arewa da ta kafa daular Jin, sun ci Kaifeng, babban birnin Song, a 1127 sun kwashe sarki da iyalansa zuwa arewa. A takardar da ya aika wa sabon sarki a 1162 ya ƙi amincewa da sulhu da daular Jin, ya nemi a shirya ƙwato ƙasar da aka rasa. Amma a takardarsa ta 1188 ya ce tushen komai zuciyar sarki ce, sannan gyaran fada da jami'ai da sauƙaƙa wa talaka. Ra'ayinsa shi ne sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

7. An ce Wang Yangming kwamandan yaƙi ne. Yaya ya yi da tsaro a aikace?

Gaskiya ne, kuma tarihinsa ya fi kowane bayani nuna yadda abin ke da wuya. A 1517 da 1518 ya yaƙi 'yan fashin duwatsun kudancin Jiangxi, a 1519 ya murƙushe tawayen Yariman Ning cikin 'yan makonni. A yankunan da ya riƙe ya kafa tsarin gida goma-goma: kowane gida ya rataye allo a ƙofa mai sunayen mazauna da sana'arsu da duk wani baƙon da ya sauka, gidajen kuma su riƙa duba juna bi da bi. In aka ɓoye mai laifi, gidaje goman duka za su amsa. Wannan sa ido ne mai tsanani, kuma ya saɓa da abin da za a gani a amsa ta 9 game da hukunta wani da laifin wani. Ba daidai ba ne a ɓoye hakan don a wanke shi.

Amma mutumin nan ne ya kafa makarantu da yarjejeniyar zaman tare a ƙauyukan da ya ci da yaƙi, inda tsofaffin 'yan fashin da suka tuba suka zauna da waɗanda suka taɓa cuta. Shi ne ya rubuta wa almajirinsa cewa karya ɓarayin dutse abu ne mai sauƙi, karya ɓarawon cikin zuciya shi ne aiki. Shi kansa ya ɗanɗani baƙunci: bayan ya ɓata wa wani babban bafade rai, an kore shi zuwa Longchang a Guizhou, inda ya isa a 1508 ya zauna cikin ƙabilun da ba ya jin harshensu, su ne kuma suka taimaka masa ya sami matsuguni.

8. Me koyarwar ke cewa game da 'yan gudun hijira?

A nan hukuncinta ya fi fitowa fili. Mai gudun yaƙi shi ne yaron bakin rijiya da aka ambata a amsa ta 3. Ana iya jayayya kan yawan 'yan ci-rani da ƙasa za ta ɗauka a shekara, amma mayar da mutum inda za a kashe shi ba ya cikin abin da fifita na gida ke halattawa. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta hana wannan a sashe na 33, kuma mabiyin Zhu Xi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kafin ya gane dalili.

Daular Song ta Kudu, wato abin da ya rage wa Song bayan faɗuwar Kaifeng, ta sha wannan gwaji. Mutanen arewa sun yi ta tsallako kogin Huai suna gudun mulkin Jin, ana kiran su guizhengren, ana kuma yi musu kallon 'yan leƙen asiri. Minista Qin Hui ya taɓa ba da shawarar ɗan kudu ya koma kudu, ɗan arewa ya koma arewa, sai Sarki Gaozong ya ce shi ma ɗan arewa ne, ina zai koma? Xin Qiji, jarumi kuma mawaƙi, ya tsallako a 1162 da niyyar yaƙar Jin, amma ya shafe yawancin rayuwarsa ba a ba shi rundunar da ta dace da shi ba. Abokin Zhu Xi ne, kuma da Zhu Xi ya rasu a 1200, lokacin da fada ta haramta koyarwarsa, Xin Qiji bai ji tsoron yi masa makoki a fili ba.

A zamaninmu, sama da Yamanawa 500 sun sauka a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu a 2018 suna neman mafaka. Fiye da mutum 700,000 suka sa hannu a takardar neman a ƙi su. Gwamnati ta cire Yaman daga jerin ƙasashen da ke shiga Jeju ba biza, ta binciki kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ba mutum 2 cikakken matsayin ɗan gudun hijira, 412 kuma izinin zama na jinƙai. Binciken ya dace da koyarwar. Rashin mayar da su fagen yaƙi ma ya dace. Abin da bai dace ba shi ne yanke wa mutane hukunci saboda addininsu tun kafin a ji sunan ko da ɗaya daga cikinsu.

9. Ya halatta a hana al'umma guda shiga saboda laifin wasu 'yan kaɗan?

A wurin da Mengzi ya yaba wa mashigan Sarki Wen, ya kuma yaba masa da cewa hukuncin mai laifi ba ya shafar matarsa da 'ya'yansa. Zhu Xi kuma ya dage cewa a binciki kowane abu a kan kansa har a kai ga ƙa'idarsa, kada a yi hukunci da zato. Doka irin ta Amurka ta 1882 da ta hana leburorin Sin shiga, wadda ba a soke ba sai 1943, ba za ta tsallake wannan ma'auni ba. Haka umarnin Amurka na hana shiga na 2017 da ya shafi ƙasashe bakwai masu rinjayen Musulmi, wanda daga baya aka faɗaɗa shi ya taɓa Chadi, a farkon 2020 kuma ya taɓa bizar zama ta 'yan Najeriya. Idan matsalar ta takardun shaida ce ko musayar bayanai, sai a gyara ta a inda take, a kuma sa mata wa'adi.

Ba a ce haɗari daga baƙo tatsuniya ba ne. Pu Shougeng, attajiri mai asalin ƙasashen Musulmi da ke kula da cinikin teku a Quanzhou, ya juya wa Song baya ya miƙa birnin ga Mongol lokacin da daular ke faɗuwa, aka kuma kashe 'yan gidan sarauta da ke zaune a can. Amma a shekarun nan manyan kwamandoji 'yan asalin ƙasa da yawa su ma sun miƙa wuya. Cin amana bai tambayi asali ba.

10. Ba wannan koyarwa ce ta raba duniya gida biyu ba, Sinawa da "jahilan waje"?

Ita ce, kuma wannan tabo ne da ba ya gogewa. Rarrabewar Hua, wato Sinawa, da Yi, wato mutanen waje, ta girmi malaman Song, amma sun ƙarfafa ta, musamman bayan 1127. Hu Anguo ya gina sharhinsa na tarihi a kan girmama sarki da korar Yi. Wang Fuzhi, wanda ya ga Manchu na arewa maso gabas sun ci daular Ming ta Sin a 1644, ya yi rubutu mai zafi da ke nuna bambancin a halitta yake.

Akwai kuma wata igiyar da ba ta tsinke ba. Han Yu na zamanin Tang ya fahimci cewa ɗabi'a ce ma'auni: basaraken Sin da ya bi halin Yi ya zama Yi, Yi da ya bi ladabin Sin ya zama na gida. Lu Jiuyuan, abokin muhawarar Zhu Xi, ya ce in mai hikima ya bayyana a tekun gabas ko na yamma, zuciyar ɗaya ce, ƙa'idar ma ɗaya ce. Wannan ya fi dacewa da tushen koyarwar, domin in ƙa'ida ɗaya ce a cikin kowane mutum, babu jinin da ya fi wani kusa da ita. Sai dai ko wannan sassaucin yana da sharaɗin cewa al'adar Sin ce ma'aunin wayewa. Dubi amsa ta 13.

11. Rufe teku a zamanin Ming da kulle Japan da Koriya, laifin koyarwar ne?

Kowanne da labarinsa. Sarki Hongwu ya hana talakawa fita teku a 1371, kuma dokar ta fi takura wa 'yan ƙasa fiye da baƙi. Sakamakonta abin nazari ne ga duk mai ganin rufewa ita ce tsaro. Mutanen gaɓar Fujian da Zhejiang da aka toshe wa hanyar abinci suka koma fasa-ƙwauri, daga nan suka koma fashi. A shekarun 1550 hare-haren da ake jingina wa 'yan fashin tekun Japan sun addabi gaɓar, alhali yawancin maharan Sinawa ne. Jami'an lokacin da kansu sun lura cewa in an buɗe kasuwa ɗan fashi kan zama ɗan kasuwa, in an rufe ɗan kasuwa kan zama ɗan fashi. A 1567 aka buɗe tashar Yuegang, abin ya lafa.

A Japan, dokokin 1633 zuwa 1641 da suka hana Japanawa fita, suka kori Fotugis, suka killace 'yan Holan a tsibirin Dejima, sun fito ne daga tsoron yaɗuwar Kiristanci da son mamaye cinikin waje. Koyarwar Zhu Xi ba ta zama ita kaɗai ake karantarwa a makarantar gwamnati ba sai 1790. A cikin wannan kullen ma aka karɓi Zhu Shunshui, malamin Ming da ya gudo daga Manchu, har basarake Tokugawa Mitsukuni ya gayyato shi Edo, Tokyo ta yau, a 1665 ya mai da shi malaminsa. Koriya ce inda alhakin malaman ya fi nauyi: bayan harin Faransa na 1866 da na Amurka na 1871 an kakkafa duwatsu masu rubutun cewa neman sulhu da Turawa sayar da ƙasa ne, manyan mabiya Zhu Xi kuma suka goyi bayan hakan. Amma jiragen yaƙi ne suka zo musu, ba masu neman mafaka ba.

12. Bayan baƙo ya shigo, wane haƙƙi yake da shi?

Ɗaya daga littattafai huɗun ya lissafa ayyuka tara na mai mulki, a ciki har da jawo masu sana'a da kyautata wa mutanen nesa, a tarbe su in sun zo, a raka su in za su tafi. Konfushiyus ya ce mulki na gari shi ne na kusa su ji daɗi, na nesa su zo, in kuma sun zo a zaunar da su lafiya. Wato zuwan baƙi shaida ce cewa mulki ya yi kyau. Joseon ta farko ta yi aiki da wannan: Jurchen da Japanawan da suka zo zama ana ba su gona da sassaucin haraji, wani kwamandan Japan da ya sauya sheƙa a yaƙin 1592 har suna aka ba shi, Kim Chung-seon. Amma Hendrick Hamel da abokansa 'yan Holan da jirginsu ya fashe a Jeju a 1653 an ciyar da su an hana su tafiya, sai da wasunsu suka tsere a 1666. An tarbe su, ba a raka su ba.

Fataken Kano da sauran 'yan Afirka masu sayayya a Guangzhou sun san wannan tambaya a jikinsu. A watan Afrilu 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal, aka tilasta musu gwaji da killacewa, har jakadun Afirka a Beijing suka rubuta takardar ƙorafi, Kakakin Majalisar Wakilan Najeriya na lokacin Femi Gbajabiamila kuma ya kira jakadan Sin. Hukumomin Sin sun musanta nuna wariya. Yaƙi da annoba dalili ne na gaske, amma mutumin da ya biya haya ya kwana a titi saboda launin fatarsa, wannan ita ce sagewar gaɓar da Cheng Hao ya bayyana.

13. Dole ne baƙo ya bar addininsa da al'adarsa?

Ana sa ran ya bi doka, ya girmama ladabin wurin, ya koyi harshe. Abin da ya wuce nan tarihin ya rabu. Daular Ming ta hana tufafi da sunayen Mongol, dokarta kuma ta matsa wa baƙi su yi auratayya da Sinawa. A Koriya an kashe Yun Ji-chung a 1791 saboda ya ƙona allunan girmama kakanni bayan ya karɓi Katolika, aka kuma yi ta tsananta wa Kiristoci a ƙarnin da ya biyo. 'Yancin addini irin na yau ba ya cikin koyarwar.

Ga kuma Musulmin Sin. Wang Daiyu, wanda littafinsa ya fito a 1642, da Liu Zhi na Nanjing a farkon ƙarni na 18, sun bayyana tauhidi da shari'a da Sinanci, suna aron kalmomin Zhu Xi ba tare da sun saki aƙidarsu ba, wasu jami'ai mabiya Konfushiyus har gabatarwa suka rubuta wa littattafan Liu Zhi. Jikokin baƙi ne suka zama malaman gida.

14. Gwamnatocin Sin da Japan da Koriya na yau da wannan koyarwa suke aiki?

Ba da ita suke tsara dokokin shige da ficensu ba. Hoton Yi Hwang na kan takardar kuɗi ta won 1,000 ta Koriya ta Kudu, na Yi I kuma na kan ta 5,000, dukansu manyan mabiya Zhu Xi ne na zamanin Joseon, amma abin da ke tuƙa manufa shi ne kishin ƙasa na zamani, lissafin ƙwadago da tsufan al'umma. Yawan haihuwa a Koriya ta Kudu ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace a 2023. Japan ta amince da mutum 303 a matsayin 'yan gudun hijira a 2023, alhali tun 2019 ta buɗe sabuwar bizar ma'aikata. Sin ta shiga yarjejeniyar 1951 a 1982, amma tana mayar da 'yan Koriya ta Arewa da suka tsallako, tana cewa 'yan ci-rani ne. Koyarwar ta fi amfani a matsayin ma'aunin da za a tuhumi waɗannan manufofi da shi.

15. Ina raunin wannan koyarwa yake?

Ta ɗora kusan komai a kan zuciyar mai mulki. Tana gaya wa sarki da jami'i abin da ya wajaba a kansu, amma ba ta ba baƙon da aka zalunta kotun da zai kai ƙara ba. Jinƙai ne ke saukowa daga sama, kuma ranar da na sama ya ƙi, abin da ya rage shi ne wani malami mai ƙarfin hali ya rubuta takardar nasiha, wataƙila a kore shi kamar yadda aka kori Wang Yangming. Ba ta kuma faɗi adadi ba: ba za ta gaya maka mutum nawa za a ɗauka a shekara ba, ko tsawon lokacin da ya kamata a tsare mai neman mafaka kafin a yanke masa hukunci. Shi ya sa masana na yau irin su Joseph Chan na Hong Kong suke ganin sai an haɗa ta da kariyar doka da haƙƙoƙin da ake iya nema a gaban alƙali, domin su zama madogara lokacin da nagartar shugabanni ta gaza.